Karon Hanyar Dalijan

Zuwa na huɗu ke nan da Muzzammil ya yi Gwandu tun da abin ya faru, kuma babu zuwan da ya yi da motarsa. Motar tana can wurin 'yan sanda, tayoyinta sun sace, lasisinsa yana cikin aljihun teburin wani sajan. Direban da ya shekara tara yana lodi a tashar Kalgo, yau shi ake matsewa a kujerar baya ana ce masa ya gyara ƙafa.

Ya sauka bayan azahar. Rana tana dukan ƙasa kamar da gayya, garin duk ya ɗauki warin albasar da aka tone. Bai tsaya shan ruwa ba ya kama hanyar gidan Malam Abu.

Maganar ba ta da tsawo. Habiba 'yar Malam Abu yake so, bazawara mai keken ɗinki, wadda mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. Ita ma tana son sa, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Har an sa ranar da manyansa za su zo gaisuwa. Babban Muzzammil kuwa ɗaya ne a duniya, Baffa Hassan, ƙanin mahaifinsa, wanda ya ɗauke shi yana ɗan shekara shida, ya raine shi, ya koya masa tuƙi, ya danƙa masa mota. Shi ne shugaban direbobin tasharsu, kuma kirarinsa ɗaya ne: shekara arba'in a kan titi, ko akuya bai taɓa bugewa ba.

Ranar gaisuwar, sauran dattawan suka yi gaba a wata mota, aka bar su su biyu. Suna fita Birnin Kebbi Baffa ya ce a tsaya.

"Sauko," in ji shi. "Yau kai ango ne. Ango ba shi tuƙa kansa."

Muzzammil ya san idon Baffa na dama ya yi yana, ba ya ganin abin da ya ɓullo ta wannan gefen. Amma wane ɗa ne zai dubi uba ya ce masa idonka ya mutu? Ya sauko ya ba shi wuri.

Gab da Dalijan wani dattijo ya fito daga hanyar gona a kan babur, da buhun albasa a bayansa, yana sauri. Baffa bai san da shi ba sai da ƙarar ta tashi.

Kafin mutanen gonaki su iso da sanduna, Muzzammil ya dubi Baffa ya ga tsohon baki buɗe, hannu manne da sitiyari. Babu wanda ya roƙe shi. Shi ya zagayo ya janye shi, ya tsaya a bakin ƙofar direba.

"Ni ne direba," ya ce.

Ya sha mari, ya sha sanda. Sai a asibiti, da aka wanke jinin fuskar dattijon, ya gane wanda aka buge. Malam Abu ne. Sauri yake yi ya isa gida ya yi wanka ya tarbi baƙinsa.

Ƙafa ta karye wuri biyu. Likita ya sa ƙarfe, ya ce zai taka da sanda, amma duƙawa a gona ta ƙare. Yau mako bakwai ke nan.

A ƙofar gidan ya tarar da motar Muhammad Sani, dillalin albasa, wanda ya nemi Habiba tun tana takaba ta ce masa ya yi haƙuri. Irin mutanen nan ne da ba sa jin a'a, sai dai su koma gefe su jira ranarsu. Yana fitowa daga zaure yana kaɗa makulli.

"A'a, direba! Yau ma a ƙasa? Ai da ka aiko da na sa an ɗauko ka. Sai dai a baya za ka zauna fa, mu nan Gwandu muna son ƙafafunmu."

Muzzammil ya miƙa masa hannu. Ya taɓa da kan yatsu.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, tunda akwai masu kula da shi. Albasarsa duk na sa an tone an kai rumbu, da yanzu ta ruɓe a ƙasa. Wani ya karya, wani ya gyara, haka duniya take."

Ya shiga motarsa ya tafi. Muzzammil ya bi motar da kallo, ya san babu ƙarya a maganar albasar.

Ya yi sallama sau uku kafin a amsa. Muryar Inno, mahaifiyar Habiba, ta fito daga tsakar gida. Inno ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, in ta yi raɗa ma maƙwabta sun ji.

"Wane ne? Wanga ɗan Kalgo ne kuma? Mi yar rage bai karya ba? Ku ce mishi ɗayar ƙafar tana nan, in ita yaz zaka ɗauka!"

Ya tsaya a zaure yana kallon takalmansa. Can sai ga Habiba da tabarma. Ta shimfiɗa, ta zauna a can ƙarshe, ta ja hijabi ta rufe ƙafa. Ta rame. Idanunta sun yi irin kumburin da ba na kwana ɗaya ba.

"Sannu da hanya, Ɗan Kalgo."

Da can da dariya take kiransa haka. Yau sunan ne kawai.

"Yaya Baba?"

"Shina nan. Jiya lauyan ya sake zuwa, Benjamin, wanda Muhammad Sani yak kawo. Da takarda yaz zo, sunanka a ciki har wuri uku. Yac ce in Baba ya dangwala yatsa, kotu za ta sa ku biya diyyar ƙafa da noman da zai rasa, kai kuma sai abin da alƙali yag gani. Ya tambayi inshorar motarku, anka ce irin ta bakin hanya ce, ko ƙafar kaza ba ta biya."

"Ya dangwala?"

"Bai dangwala ba. Bai kuma yafe ba. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, suna ce mishi ƙaddara ce, mu ba mu gaji cin kuɗin jini ba, ya ce na yafe a wuce wurin. Shiru. Inno ta ce ya dangwala, yafiya ba ta cika rumbu. Shiru. Kai ma sau uku kana duƙawa gabansa da dattawanku, mi yac ce maka?"

"Allah shi kyauta."

"To mu ma shi muke ji, safe da yamma."

Ta sa bakin hijabi ta goge ido.

"Inno ta ce duk ɗiyar da ta auri wanda yak karya ubanta, ba ita ta haife ta ba. A gaban ƙannena ta faɗa. Na wayi gari ko ruwa na miƙa mata sai ta ce ajiye, kar in ba ta da hannun da za a sa wa lallen Kalgo. In Muhammad Sani ya yi sallama kuwa, har tabarma sabuwa. Ni na gaji, Muzzammil. Wallahi na gaji. Keken ɗinkin ma na rufe, in na zauna sai in ɗinke hannun riga da wuya."

"Ki ƙara haƙuri, Habiba."

"Haƙurin ne ban san inda ake sayo shi ba."

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Shekara biyu ina shiga motarka in zan sayo yadi. Kaza in ta gitta sai ka taka birki har fasinja su yi maka tsiya, su ce ko surukarka ce. Yaya anka yi ba ka ga mutum da babur da buhu ba, da rana tsaka?"

"Ƙaddara ce."

"Kowa ƙaddara. Ni ba liman ba ce, kar ka yi min wa'azi. Waya kake latsawa? Gyangyaɗi kay yi?"

Maganar gaskiya ta zo masa har maƙogwaro. Sai ya ga Baffa a idon zuciyarsa, yana zaune a kujerarsa ta tasha, direbobi suna duƙawa suna gaishe shi. Ya haɗiye. Mai ƙarya kuwa ba ya rasa ta biyu, tana nan kusa da ta fari.

"Hankalina ne ya tafi," ya ce.

"Ina?"

"Wurinki. Ina ta tunanin yau za a ba ni ke."

Shi a ganinsa magana mai daɗi ya faɗa. Habiba ta zuba masa ido. Sai kuka ya ƙwace mata, ta toshe baki da hannu biyu don kada Inno ta ji.

"Ashe ni ce," take cewa. "Ashe ni nik karya shi. Wayyo Baba."

"Ba haka nake nufi ba. Habiba, tsaya ki ji..."

Daga cikin gida wata murya ta taso, a gajiye amma ba rawa a cikinta.

"Habiba! In yaron Kalgo ne, ce mishi ya shigo."

Ɗakin Malam Abu yana kusa da zaure. Yana kwance a kan gadon ƙarfe, ƙafar a miƙe bisa matashi, ƙarafuna sun leƙo ta cikin bandeji. Mutumin da ake cewa shi kaɗai yake ɗaga buhu ya ɗora a babur, yau maficin hannunsa ma kamar ya yi masa nauyi. Inno tana zaune a bakin gado ta haɗe rai.

"Ba mu wuri," ya ce mata.

"In bar ka da shi? Kai kaɗai?"

"Ba da mota yaz zo ba. Tashi."

Ta fita tana mita har tsakar gida. Muzzammil ya durƙusa a ƙasa.

"To bismilla," in ji Malam Abu. "Faɗi abin da kas saba faɗi."

"Baba, don girman Allah ka yafe mini."

"Mi kay yi min?"

"Baba, ai... haɗarin."

"Na ji. Mi kay yi min a cikin haɗarin?"

Dattijon ya yi fifita sau biyu ya ajiye maficin a ƙirji.

"Ana cewa mutum in mota za ta buge shi rufe ido shikai. Ƙarya ake, yaro. Buɗewa suke yi. Na ga gilashi, na ga farin gemu, na ga jar hula a bayan sitiyari. Kai kuma na gan ka a gefe, ka ɗaga hannu biyu sama. Sai in gemun kay yi kuma kaf aske shi kafin in kai ƙasa."

Gumi ya keto wa Muzzammil.

"Ina kwance cikin albasata, ƙafa ta juya baya, amma kunne shina aiki. Naj ji kac ce ni ne direba. Naj ji marin da anka yi maka, ɗaya bayan ɗaya. Nac ce a raina, wanga yaro ko ɗan halak ne, ko wawa. Har yau ban gama rabewa ba."

"Baba, ni ne na..."

"Kul! Sau uku ka yi min wagga ƙarya a gaban mutane na ƙyale ka. Kar ka yi min ta huɗu."

Muzzammil ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Hawayen da ya riƙe mako bakwai suka zubo, bai ma yi ƙoƙarin tare su ba.

"Shi yar raine ni, Baba. Ba ni da kowa sai shi. In anka ji shi ne, kujerarsa ta tafi, sunansa ya tafi. Tsoho ne. Ni yaro ne, zan iya ɗauka."

"Ka ɗauka mun gani. Wanda ya daka rawar wani dai ya san abin da anka ce zai rasa. Ni ba wannan ad damuwata ba. Jira nike in ga ko dattijon zai zaka. Kun zo na fari, anka ce ba shi da lafiya. Na biyu, ba shi da lafiya. Na uku haka. Ni da anka karya na fara zama, shi da bai ko ƙwarzane ba har yau shina jinya."

Ya yi tari, ya gyara kwanciya yana cije baki.

"Mutane suna ta mamaki, Abu ya ƙi dangwalawa ya ƙi yafewa, ko bugun ya taɓa kansa. To ka ji dalili. Takardar lauya ƙarya ce, sunanka ne a ciki, kuma yatsan da nike alwala da shi ba ni sa shi kan ƙarya. Yafiya kuwa ba sadaka ba ce da za a miƙa ma duk wanda yay yi sallama. Wanda yay yi ɓarnar shi ka roƙo. Kai mi zan yafe maka? Wanda zan yafe ma shina can Kalgo shina jin rediyo."

"To yanzu yaya za a yi, Baba?"

"Ya zaka. Ya zauna nan inda kake, ya ce Abu, ni ne, ka yafe min. Kwabonsa ba ni so. Wallahi kafin ya rufe baki na yafe, in yaga takardar a gabansa, kuma a wannan zaman in ba shi Habiba ya kai maka. Ba ni tara jama'a. Daga ni sai shi sai Inno, don sai ta ji da kunnenta za ta saki ɗiyarta."

"In bai..."

"In bai zaka ba har Juma'a, to na gane irin gidan. Gidan da babba ke ɓuya bayan yaro ba ni kai ɗiyata cikinsa. Gobe wani abu ya taso, bayanta za a ɓuya. Muhammad Sani ba son sa nike ba, baki gare shi awa gangar biki, amma bai yi min ƙarya ba tukuna. Sai in kira lauya in ce ya gyara suna, in dangwala mishi. Tashi ka tafi, na gaji."

Muzzammil ya miƙe da ƙyar. Yana bakin ƙofa dattijon ya sake magana, idonsa a rufe.

"Marin ya warke?"

"Ya warke, Baba."

"Madalla. Wani ɗan ƙauyen Ceberu ne yay yi maka na farkon, na san hannunsa. Ba shi da daɗi."

A zaure Habiba tana tsaye, ta naɗe tabarmar ta rungume. Bangon da ke tsakanin ɗakin da zauren ba wani kauri gare shi ba. Kallo ɗaya ya yi mata ya san ta ji komai. Kukan ya tsaya, kuma da ya san abin da zai biyo baya da ya roƙi a bar shi da kukan.

"Hankalinka ya zo wurina ko?" ta ce.

"Habiba..."

"Mako bakwai ina tsine wa zuciyata. In na wanke wa Baba ƙafa in ce, Habiba ba ki da kunya, kin ga abin da yay yi kuma har yanzu in anka yi sallama sai ki kasa kunne ko shi ne. Na roƙi Allah ya cire min kai, na sha rubutu don in manta da kai. Ashe duk a kan abin da ba ka yi ba ne."

"Ban san yadda zan faɗa miki ba."

"Da baki ake faɗi. A bakin hanya ka zaɓi Baffanka, wannan na gane, ko ni ce ina iya yi ma Baba haka. Amma ɗazu a zauren nan babu sanda, babu ɗan sanda, ni kaɗai ce. Na tambaye ka tsakani da Allah, kai kuma ka ɗauki kayan ka ɗora min a ka."

"Ki yafe mini."

"Wannan kam naka ne, ka roƙa daidai." Ta gyara riƙon tabarmar. "Zan duba. Amma ba yau ba."

Ta juya za ta shiga, ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Ni ba yarinya ba ce, Ɗan Kalgo. Na yi aure, na yi takaba, babu mai ɗaure ni ya kai gidan Muhammad Sani. Amma ba ni tsallake maganar Baba shina kwance. Juma'a in kai kaɗai ne, kar ka yi sallama. Ka wuce kawai."

Washegari Laraba, da hantsi, ya sami Baffa Hassan a zaurensa a Kalgo. Yana kishingiɗe a kan buzu, carbi a hannu, rediyo a gefe, ga kwanon ƙosai ya ci rabi. Babu alamar ciwo ko ta sisin kwabo.

Muzzammil ya cire takalmi ya duƙa.

"Baffa, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ka dawo? Yaya mutanen Gwandu? Sun sauko?"

Bai yi kwana-kwana ba, don ƙarfin yin ta ya ƙare masa. Ya zayyana komai, farin gemu da jar hula, sharaɗin Malam Abu, ranar Juma'a, da sunan da za a gyara a takarda. Yana magana yana kallon bakin buzu.

Baffa ya kashe rediyo. Ya daɗe yana jan carbi.

"Allah sarki Malam Abu," ya ce. "Bugun kai ba ƙaramin abu ba ne. Har gane-gane ya fara."

"Baffa..."

"Wa yac ce maka ni nit tuƙa?"

Muzzammil ya ɗago kai. Tun da ya yi wayo bai taɓa kallon tsakiyar idon mutumin nan ba sai yau. Ɗaya fari fat, ɗayan kuma a bushe, yana kallonsa ba ƙiftawa.

"Kai da bakinka kaf faɗa gaban jama'a," in ji Baffa. "Kas sa hannu wurin 'yan sanda. Ni a gefe nike zaune. Ko ka manta?"

"Ban manta komai ba, Baffa."

"To madalla. Shekara arba'in ina tuƙi, sai yanzu wani manomin albasa zai ce in je in durƙusa gaban matarsa? Mata sun ƙare ne a Kalgo? Ka bar min maganar mota, ina nan ina bi, za a sake ta. Binta!" Ya ɗaga murya yana kiran matarsa. "Kawo ma ɗanki kunu, ya kwaso gajiya."

Aka kawo kunu a kofi aka ajiye a gabansa. Muzzammil ya dubi kofin. Bai taɓa ba.

"Sha mana."

"Na ƙoshi."

Baffa ya dube shi da kyau. A gidan nan ba a taɓa cewa an ƙoshi da abin da ya ce a sha ba.

"Baffa, mari na sha maka, sanda na sha maka, kuma in yau abin ya sake faruwa zan sake tsayawa. Ba gori nike maka ba. Amma in anka kai kotu, Alƙur'ani za su miƙo min in dafa in ce ni nit tuƙa. Wannan ba ni iyawa. Gara in faɗa maka tun yanzu."

Carbin ya tsaya.

"Ni za ka tona?"

"Ni ba ni tona ka. Malam Abu ya rufa maka asiri mako bakwai shina kwance da ƙarfe a ƙafa, ko matarsa bai faɗa ma ba. Kalma kaɗan yake so. Ban taɓa roƙon ka komai ba, Baffa, ko takalmin salla. Wagga mata nike so. Ita kaɗai."

Ana jin 'yan kamasho suna kiran fasinjan Jega daga tasha. Muzzammil ya miƙe ba tare da an sallame shi ba, ya sa takalminsa.

Ya kai bakin ƙofa.

"Muzzammilu."

Ya tsaya.

Muryar ta canza. Ba ta shugaban tasha ba ce, ta wani tsoho ce da bai sani ba.

"Matar tasa, wagga Inno da za ta zauna... tana iya riƙe magana?"

Muzzammil ya waiwayo. Ga ƙofa ta buɗe, 'yar ƙarama. In ya ce tana iyawa, jibi war haka suna kan hanyar Gwandu, kuma kafin la'asar Habiba ta zama tasa. Kalma ɗaya ce, kuma bakinsa ya riga ya saba da irinta.

Ya tsaya har Baffa ya ɗaga kai yana nemansa da idon da ke gani.

"Ba ta iyawa, Baffa," ya ce. "Kafin ka kai mota duk Gwandu ta ji. Kafin ka iso gida, tasha ta ji."

Baffa ya gyaɗa kai a hankali. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ya miƙa hannu yana laluben rediyonsa a gefen dama, yana ta shafa buzu, rediyon kuwa yana nan dab da yatsunsa.